Kafin Ka Yarda da Lambar Google Scholar: Yadda Ake Auna Binciken Masanin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma a Jami'ar Jos, ko ya taɓa neman malamin da zai duba masa aikin digiri na uku a sashen Anatomi, Fisiyoloji ko Famakoloji, ya san yadda ake yanke hukunci cikin minti ɗaya. A buɗe shafin mutum na Google Scholar a waya, a ga wasu masana sun ambaci aikinsa a rubuce-rubucensu sau dubu uku, sai a ce ai wane ya gama. Wani kuma a ga ɗari biyu kacal, a ɗauke kai. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Mai dubu ukun nan yana iya kasancewa sunansa ne ya faɗo cikin jerin marubuta ɗari takwas na wata babbar maƙala guda ɗaya, mai ɗari biyun kuwa shi ya tsara bincikensa kan farfaɗiya, ya bi marasa lafiya a asibitin koyarwa na Lamingo shekara da shekaru, ya rubuta da hannunsa.

Aikin da za mu bi a nan, wato auna ainihin darajar binciken masanin ƙwaƙwalwa, yana cin kwana biyu ga masanin da ke da maƙalu talatin zuwa sittin. Kayan aikin su ne takardar tarihin aikinsa, kwamfuta mai Excel, da intanet mai ɗan ƙarfi na awa uku ko huɗu. Duk abin da ka samo ka sauke shi a kwamfuta nan take, ka rubuta kwanan watan da ka ɗauko, domin lambobin ambato suna canzawa kowane mako, kuma lambar da ba ta da kwanan wata ba a kafa hujja da ita.

Ka fara da tabbatar da mutumin

A nan ne kuskure ya fi yawa a wajenmu, saboda yanayin sunayenmu. Mutum ɗaya zai fito a wata maƙala da Muhammad, a wata Mohammed, a wata Muhammed. Wata mujallar ta ɗauki sunan mahaifinsa a matsayin sunan dangi, wata ta ɗauki sunan garinsu. Mace ta fara wallafawa da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma sunan miji. Sakamakon haka iri biyu ne. Ko dai rumbun bayanai ya raba mutum ɗaya gida uku, kowane shafi da guntun aikinsa, ko kuma ya haɗa mutum biyu masu suna ɗaya, har ka tarar da maƙalar kimiyyar ƙasa a shafin likitan jijiyoyi.

Ka nemi lambarsa ta ORCID tukuna. Lamba ce mai harafi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce, kuma ba ta canzawa ko mutum ya canza suna ko wurin aiki. In yana da ita kuma ya cika ta, rabin wahalar ta ƙare. In babu, ka shiga PubMed, rumbun maƙalun kimiyyar lafiya, ka rubuta sunan dangi da haruffan farko na sauran sunayen, ka haɗa da Jos a gurbin adireshi. Ka maimaita da kowane salon rubutun sunan. Akwai tarko biyu a nan. Kafin 2014 PubMed adireshin marubuci na farko kawai yake ajiyewa, saboda haka tsohuwar maƙalar da mutumin yake na uku ko na huɗu ba za ta fito ba in ka dage sai da Jos. Cikakken suna kuma daga 2002 aka fara ajiye shi. Abin da ya gabaci haka sai da haruffan farko. Kada ka manta da cewa wurin aiki ma yana da fuskoki: wani ya rubuta jami'ar, wani asibitin koyarwa, wani cibiyar binciken dabbobi ta Vom inda ya yi aikin ɗakin gwaji.

A Scopus, wani babban rumbun maƙalu da ambato, ana iya neman shafin marubuci kyauta ko ba a biya kuɗin shiga ba. In ka ga shafi biyu ko uku na mutum ɗaya, ka haɗa lissafin da kanka a Excel, sannan ka gaya masa ya nemi Scopus ta haɗe su. Akwai hanyar neman gyara a shafin marubucin.

Ka jera aikin, kowane iri a gefensa

Layi ɗaya ga kowace maƙala. Ginshiƙan su ne shekara, take, mujalla, lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet), lambar PMID (lambarta a PubMed) in akwai, yawan marubuta, matsayinsa a jerin, da irin maƙalar. Ginshiƙi na ƙarshen nan shi ne mai muhimmanci. Ka ware binciken asali, wato wanda aka tattara sababbin bayanai a ɗakin gwaji ko a asibiti. Ka ware maƙalun bita da ke taƙaita aikin wasu. Ka ware rahoton mara lafiya guda, wasiƙa ga edita, babin littafi, da taƙaitaccen bayanin taro. Na ƙarshen nan yana yawan shigowa a sace, domin wasu mujallu suna buga taƙaitattun bayanan taro a fitowa ta musamman har da DOI, sai sakin layi ɗaya ya yi kama da cikakkiyar maƙala. Ka buɗe ka gani. In bai kai shafi guda ba kuma babu cikakken bayanin hanyar bincike, bayanin taro ne.

Ka kuma goge maimaici. Maƙalar da aka fara sakawa a bioRxiv ko medRxiv kafin masana su tantance ta, daga baya ta fito a mujalla, aiki ɗaya ne ko da take ya ɗan bambanta.

Mujallun da aka wallafa a ciki

Ga kowace mujalla ka duba wurare uku: jerin mujallun Scopus, jerin Web of Science na kamfanin Clarivate, da kundin ɗakin karatun likitanci na Amurka, inda za ka ga ko mujallar tana cikin MEDLINE, jerin mujallun da ɗakin karatun ya tantance. Ganin maƙala a PubMed bai isa hujja ba, domin wasu maƙalun suna shiga ta ƙofar PubMed Central saboda wanda ya ba da kuɗin binciken ya wajabta a ajiye su a can, alhali mujallar kanta ba a tantance ta ba. Scopus kuma tana da jerin mujallun da ta daina ɗauka saboda matsalar inganci. Ka duba shekarar da aka cire mujallar, ka gwada da shekarar maƙalar.

Mujallun bogi suna da alamomi sanannu: karɓar maƙala cikin kwana uku zuwa mako guda, neman kuɗi tun kafin a tantance, take mai faɗi da ya haɗa ƙwaƙwalwa da noma da injiniya, da ma'aunin tasiri (lambar da ke nuna yawan ambaton mujalla) na ƙirƙira daga kamfanin da ba wanda ya sani. Jerin da Jeffrey Beall ya riƙa fitarwa na irin waɗannan an rufe shi tun Janairun 2017, don haka kwafinsa da ke yawo ya tsufa. Akwai kuma mujallun da aka sace wa suna, inda 'yan damfara ke buɗe shafi mai suna da lambar rajista ta ISSN na mujallar kirki. Maganinsu shi ne ka danna DOI ka ga inda zai kai ka.

Amma a yi adalci. Rashin mujalla a Scopus ba ya nufin ta bogi ce. Mujallun jami'o'inmu da na ƙungiyoyin likitoci da dama suna AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, kuma wasunsu suna tantancewa da gaske. Binciken yawan masu shanyewar ɓarin jiki a wani asibitin Filato yana iya fin amfani ga likitan da ke Pankshin ko Shendam in ya fito a irin wannan mujalla. Ka ba su rukuninsu daban, ka karanta biyu ko uku ka ga ingancinsu da idonka.

Kafin ka bar wannan mataki, ka saka sunan masanin a rumbun maƙalun da aka janye na Retraction Watch, wanda Crossref, ƙungiyar da ke rajistar DOI, ta karɓa ta buɗe wa kowa a 2023, ka ga ko an janye wata maƙalarsa. In an janye, ka karanta dalilin. Wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye da kansa ya yi abin yabo. Wanda aka kama da sarrafa hoto wani abu ne daban.

Ɗauko lambobin daga wuri uku

Google Scholar galibi shi zai ba ka lamba mafi girma, domin yana kirga duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet: kundin digiri, bayanan taro, takardun da ba a tantance ba. Wannan faɗin yana da amfani a gare mu, tunda shi kaɗai ke ganin kundayen ɗalibanmu da mujallun gida. Amma ba shi da mai gadi. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi mai suna Ike Antkare, ya saka takardun shirme kusan ɗari da kwamfuta ta haɗa suna ambaton juna, sai ma'aunin h na wannan suna ya kai 94, wato takardu 94 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 94. Ka kuma lura da alamar tauraro kusa da lambar ambato a shafin mutum. Tana nuna an haɗe rubuce-rubucen da ƙila ba ɗaya ba ne.

Scopus da Web of Science suna kirga ambato daga mujallun da suka tantance kawai, saboda haka lambarsu ta fi ƙanƙanta, ta fi kuma wuyar yi wa coge. Cikakken amfani da su sai da rajistar jami'a. Ka tambayi ma'aikacin laburare abin da ake da shi a lokacin. In babu, OpenAlex, wanda aka buɗe a 2022, kyauta ne, haka ma iCite na NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ga duk maƙalar da ke da PMID. Manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, ita ma kyauta, tana ɗauko bayanai daga wurare da dama ta zuba maka a jadawali.

Ƙa'ida ɗaya ba a karya ta: ba a gwada mutum biyu da rumbu biyu. In ka ɗauko na wane daga Scopus, na ɗayan ma daga Scopus, a rana ɗaya.

Lissafin da hannu

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce wata malama tana da maƙalu 14, an jera su daga mai yawan ambato zuwa ƙasa: 610, 88, 54, 41, 30, 22, 17, 12, 9, 7, 4, 3, 1, 0.

Jimilla 898. Ma'aunin h, wanda masanin fizis Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego ya gabatar a 2005, ana samun sa ne ta hanyar bin jerin har inda lambar layi ta wuce yawan ambato. Maƙala ta tara tana da 9, ta cika. Ta goma tana da 7, ba ta kai goma ba. Saboda haka h ɗinta 9 ne: maƙalu tara, kowacce an ambace ta aƙalla sau tara. Ma'aunin i10 na Google, wato yawan maƙalun da suka kai ambato goma, 8 ne.

Yanzu ka raba 898 gida 14, za ka samu kusan 64 ga kowace maƙala. Wannan lambar yaudara ce, domin maƙala ɗaya tak ce ta wuce 88. Ka ɗauki lambar tsakiya maimakon haka: ta bakwai 17, ta takwas 12, tsakaninsu 14.5. Wannan ya fi kusa da hoton maƙalarta ta yau da kullum. Ambato a kowane fanni haka yake rabuwa, 'yan kaɗan su kwashe mafi yawa, shi ya sa matsakaici ke ɓatar da mutum.

Ma'aunin h ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki, kuma yana fifita wanda ya daɗe. Hirsch da kansa ya kawo gyara: a raba h da yawan shekaru tun daga maƙalar farko. In malamarmu ta fara wallafawa shekara 12 da suka wuce, 9 a raba da 12 ya ba da 0.75. Hirsch ya ce 1 alamar masani mai nasara ce, 2 kuma fitacce, amma da manyan masana fizis ya yi awonsa. Ɗora wannan mizani a kan wanda ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari huɗu, yana sayen ɓerayen gwaji da albashinsa, kuma firjin ajiyar samfurinsa yana mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta, zalunci ne. Ka cire kuma shekarun hutun haihuwa, doguwar jinya, ko riƙon shugabancin sashe kafin ka raba.

Ka ƙara ginshiƙin ambato a shekara. Maƙalar da ta shekara goma tana da 30, uku ke nan a shekara. Wadda ta shekara biyu tana da 12, shida ke nan. Ta biyun ce ke tashe. Wadda ba ta cika shekara biyu ba kada ka hukunta ta da lamba ko kaɗan, domin wanda zai ambace ta sai ya karanta, ya yi nasa binciken, ya jira a buga.

Ɓare lambar ka ga cikinta

Mu koma kan maƙalar nan mai 610. Ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 68 cikin ɗari na jimillar. Ka buɗe ta. In ka tarar ɗaya ce daga rahotannin nauyin cututtuka a duniya da cibiyar IHME ta Siyatil ke jagoranta, waɗanda ke fitowa a Lancet da Lancet Neurology da marubuta ɗaruruwa, to ka yi lissafi biyu, ɗaya da ita ɗaya babu ita. Babu ita, jimilla ta dawo 288, h ya dawo 8. In marubutan 800 ne, kason mutum ɗaya daga 610 bai kai ambato guda ba, alhali maƙala mai 88 da mutum huɗu suka rubuta tana ba kowa 22. Shiga babban haɗin gwiwa ba laifi ba ne. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, dole ya tara marubuta da yawa, domin a asibitoci da dama aka tattara marasa lafiya. Abin tambaya shi ne me mutumin ya yi a ciki: ya kawo marasa lafiya, ya tsara aikin, ko ya duba rubutun ƙarshe ya ce ya amince?

A kimiyyar ƙwaƙwalwa, kamar sauran fannonin lafiya, marubuci na farko shi ne galibi wanda ya yi aikin, na ƙarshe kuma shugaban ɗakin gwajin da ya jagoranta. Ka kirga maƙalun da yake na farko, na ƙarshe, ko wanda ake tuntuɓa, ka sake lissafa h a kansu kaɗai. Ga matashi ana son ganin na farko da yawa. Ga mai neman kujerar farfesa ana son a ga ya koma na ƙarshe, ɗalibansa suna gaba. In babba ne amma kullum shi ne na farko a aikin da a fili kundin ɗalibi ne, to kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka. Sai dai a wasu sassanmu al'adar ita ce babba ya zo na biyu, don haka ka duba bayanin gudummawar marubuta a ƙarshen maƙala. Mujallu da yawa yanzu suna bin tsarin CRediT mai rukunin aiki 14.

Sai ambaton kai. Scopus da Web of Science suna da wurin da za ka danna a cire shi. Google Scholar ba shi da. Mai bin layin bincike ɗaya dole ya ambaci aikinsa na baya, wannan ba abin zargi ba ne. A bayanan da John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2019 kan masana dubu ɗari mafiya ambato, lambar tsakiya ta ambaton kai, har da na abokan rubutu, kashi 12.7 ce, kuma sun ba da shawarar a sa ido in ta wuce kashi 25. In 72 daga cikin 288 na malamarmu daga ita ne ko abokan rubutunta, ta kai wannan iyaka daidai, sai ka duba ko ambaton ya dace da wurin da aka saka shi. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne adashin ambato, inda abokai biyar ko shida ke ambaton juna ba tare da sun yi rubutu tare ba. Ka jera waɗanda suka fi ambaton mutumin. In rukuni ɗaya ne ya kawo rabin lambar, ko mujalla ɗaya, ko ka ga maƙalar ƙwaƙwalwar ɓera a cikin manazartar rubutu kan takin zamani, ka san akwai magana.

Kowane reshe da mizaninsa

Kimiyyar ƙwaƙwalwa gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma ambato ba ya zuba daidai a cikinsu. Masu binciken cutar Alzheimer suna da yawa a duniya, suna rubutu da yawa, don haka ko maƙala mai matsakaicin daraja tana samun masu ambato. Mai nazarin illar da cutar barci ko maleriyar ƙwaƙwalwa ke bari a jikin yara yana magana ne da 'yan tsirarun masana. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi suna ne da aikinsa kan ciwon jijiyoyin da ke da alaƙa da gubar sayanaid ta rogon da ba a sarrafa da kyau ba, matsalar da ba ta dami ɗakunan gwajin Turai ba amma ta shafi rayuwar talakawa a nan.

Irin maƙala ma yana da tasiri. Waɗanda suka fi tara ambato a fannin su ne na kayan aiki da hanyoyin gwaji: gwajin tantance mantuwa na Folstein na 1975, taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Paxinos da Watson ta 1982, bayanin manhajar EEGLAB na 2004. Duk wanda ya yi amfani da su sai ya ambace su. Maƙalun bita ma sun fi binciken asali jan ambato, shi ya sa muka ware su tun farko. Masanin da manyan maƙalunsa biyar duk bita ne ya iya karatu da rubutu, amma lambar ba ta nuna ya gano wani abu ba.

Ma'auni biyu suna rage wannan bambanci. FWCI na Scopus yana gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya, shekara ɗaya, iri ɗaya, 1.00 shi ne matsakaicin duniya, 1.50 ya ɗara da rabi. RCR na iCite yana gina fannin maƙala daga waɗanda ake ambata tare da ita, kuma 1.0 a wurinsa na nufin daidai da maƙalar tsakiya cikin waɗanda NIH ta ɗauki nauyi, mizani mai tsauri ƙwarai ga wanda ke aiki a Jos. Ka kwafi lambobin PMID daga jadawalinka ka zuba a iCite, ka ɗauki lambar tsakiya.

Sannan ka nemo mutum biyar zuwa takwas da suka yi kama da shi: reshe ɗaya, shekarun aiki kusan ɗaya, kuma a Afirka suka yi aikin. Nazarin da Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa suka buga a Nature Communications a 2021, kan wallafe-wallafen fannin a Afirka daga 1996 zuwa 2017, ya nuna Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya ne ke gaba a yawa, kuma ya bambanta aikin da 'yan Afirka suka jagoranta da wanda aka yi a waje. Kai ma ka yi wannan bambancin. Maƙalun da mutum ya yi lokacin digirinsa a Ingila ko Jamus suna ɗauke da ƙarfin wancan ɗakin gwajin. Abin da ya fitar bayan ya dawo gida shi ne nasa.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa na mujalla ne. In ta buga maƙalu 200 cikin shekara biyu, aka ambace su sau 600 a shekara ta uku, ma'auninta 3.0. Mujallar Nature ta taɓa bayyanawa a 2005 cewa kashi 89 na ambaton da ya gina ma'auninta daga kashi 25 na maƙalunta ya fito. Sanarwar DORA ta San Faransisko ta 2012 da ƙa'idojin Leiden goma na 2015 duk sun yi gargaɗi kan auna mutum da lambar mujalla.

Karatun da ba makawa

Ka nemi masanin ya zaɓi maƙalu biyar da yake ganin su ne aikinsa, kai ma ka ƙara uku mafiya ambato cikin waɗanda ya jagoranta. Ka karanta sashen hanyar bincike kafin sakamako. Dabbobi nawa a kowane rukuni, kuma me ya sa aka zaɓi wannan adadi? An raba su ta hanyar ƙuri'a? Wanda ya auna halin dabbar ya san wace ce aka ba magani? Akwai amincewar kwamitin ɗa'a? Ƙa'idojin ARRIVE na 2010, da aka sabunta a 2020, sun jera waɗannan tambayoyi. Matsalar ƙarancin samfuri babba ce a fannin: nazarin Katherine Button da abokan aikinta na 2013 ya kiyasta cewa ƙarfin gano sakamako na binciken ƙwaƙwalwa na tsakiya kusan kashi 21 ne kawai. Binciken tsirran magani, wanda ya yi yawa a Najeriya, yana da tambayoyinsa: an tabbatar da tsiron a ɗakin adana tsirrai da lambar samfuri? An bayyana yadda aka tatso shi da adadin da aka bayar bisa nauyin dabba? An gwada da sanannen magani? Ka lura kuma ko gwaji ɗaya aka yanyanka gida huɗu, hali a wata maƙala, sinadarai a wata, hoton nama a wata, da ɓeraye iri ɗaya.

Yawan ambato ba ya wanke maƙala. Wata da Nature ta buga a 2006 kan wani nau'in furotin da aka danganta da cutar Alzheimer an ambace ta fiye da sau 2,000 kafin a janye ta a 2024 saboda matsalar hotuna. Don haka ka ɗauki maƙalu 20 daga masu ambaton babban aikinsa, ka nemo jimlar da aka ambace shi. Ka kirga nawa ne suka yi amfani da hanyarsa ko bayanansa, nawa suka maimaita gwajin suka samu abu ɗaya, nawa suka saɓa masa, nawa kuma suka jefa shi cikin jerin lambobi goma a gabatarwa. Ka duba ƙasashen masu ambaton, da kuma ko aikin ya shiga ƙa'idojin jinya na ƙungiyar likitoci ko takardun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Rubuta rahoton

Shafi biyu sun isa. Na farko jadawali ne: rumbun da aka yi amfani da shi da kwanan wata, yawan maƙalu bisa iri, jimillar ambato da lambar tsakiya, h gaba ɗaya, h babu ambaton kai, h babu manyan maƙalun haɗin gwiwa, h na waɗanda ya jagoranta, da FWCI ko RCR na tsakiya, kusa da na takwarorin da ka zaɓo. Shafi na biyu rubutu ne: tambayar da ya daɗe yana bi, abin da ya gano, wanda ya yi amfani da shi, ɗaliban da ya yaye, kuɗin binciken da ya samo daga TETFund, IBRO (ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya) ko wani wuri, da raunin da ka gani a hanyoyinsa, kowanne da maƙalar da ka gan shi a ciki. In ka ci karo da abin da ya yi kama da coge, ka rubuta abin da ka gani da lambobinsa ba tare da yanke hukunci kan niyya ba. Kafin rahoton ya je gaban kwamiti, ka aika wa masanin jerin maƙalun da ka yi aiki da su, ka ba shi mako guda ya nuna wadda ka tsallake ko wadda ba tasa ba.